Majanyin da Ke Tsakanina da Inna

Ashe har Yahudawa ma suna fama da wannan abin. Ni fa da na gani a wani dandalin intanet sai da na ture wayar mutane da nake gyarawa gefe, na koma farko na sake karantawa, don Turancina na sakandare ne, sai na bi shi a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Wai a cikinsu akwai masu riƙo da addininsu sosai, namiji ba ya taɓa mace, mace ba ta taɓa namiji, ko da gaisawa ce, sai miji da mata da 'yan uwa na jiki. To kuma a dangi ɗaya sai ka samu wasu suna kiyayewa, wasu ko a jikinsu. Sai biki ya haɗa su, matar kawu ta taho da hannu a buɗe za ta rungume yaron da ta sani tun yana tsumma, shi kuma ya tsaya ƙiƙam. Wani saurayi ne ya yi tambayar, mutanensu suna ta ba shi shawara. Wannan ya ce ya riƙe faranti da hannu biyu. Wancan ya ce ya same ta tun kafin taro, su biyu, ya yi mata bayani. Wani kuma ya tuna masa cewa a wurinsu kunyata mutum a gaban jama'a babban laifi ne, kada garin gudun wancan ya faɗa wannan.

Na rufe rumfa tun kafin la'asar na tafi gida na gaya wa Kawu. Na same shi yana ɗinkin buhu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko su ma Yahudawan suna da matar kawu. Na ce suna da ita. Ya ce to Allah ya ba su haƙuri, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Shi ya sa na ce bari in rubuta nawa, don ni ban riƙe faranti ba, ban kuma same ta mu biyu ba.

Inna matar kawuna ce, wato matar yayan mahaifiyata. Mahaifiyata ta rasu ina da wata tara, ban san ta ba. Babana direban babbar mota ne, ba mazauni ba, sai aka kawo ni Ƙofa gidan Kawu aka miƙa wa Inna. 'Yarta ɗaya, ta girme ni da shekara biyar, ita nake ce wa Yaya, tana aure a Burumburum. Daga ita Inna ba ta sake haihuwa ba. Yaya 'yar fari ce, don haka Inna ba ta kama sunanta, sai dai ta ce waccan. Ni kuwa Auta take ce min, a gaban kowa, da ƙarfi, ko ina bayan gari.

Abu biyu ne nawa a gidan nan tun ina yaro. Na farko ƙanzo. In an kwashe tuwo Inna ta kankare tukunya, ta shanya a faifai, da safe ta jiƙa shi ta kwaɗa min da ƙuli-ƙuli da yaji. Ba wanda yake taɓa shi, har Kawu. Na biyu hannunta. Duk inda za ni, ko Kiru ne, sai ta ɗora hannu a kaina ta yi addu'arta ƙasa-ƙasa. In na dawo kuma ta sake ɗorawa, sannan ta matsa dantsena ta ji ko na rame. Kullum na rame.

Bara na tafi Kano koyon gyaran waya, wata takwas. Ni bayan allo ban zauna gaban wani malami ba, amma a wannan sana'ar karatu shi yake zuwa ya same ka. Duk wayar da aka kawo sai ka gwada sifika, rabinsu kuwa wa'azi ne a ciki. Ga mai sayar da littattafai a maƙwabtan shagon maigidana, yana bari na in karanta a tsaye in dai ban lanƙwasa shafi ba. Wallahi abin ya shige ni. Ina karanta abu ɗaya sai in ji kamar in tare mutane a titi in gaya musu. A nan na haɗu da babin muharramai, wato matan da aure ya haramta tsakaninka da su har abada, su ne za ka iya gaisawa da su da hannu, ka zauna da su ba shamaki. Na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, na ja layi a tsakiya da jan biro. Dama muharramai, hagu sauran mata. Na bi danginmu kaf, tun daga Ƙofa har Doguwa, kowa na ba ta gurbinta.

Kwana uku ina neman wa Inna wuri a dama. Na duba littafi uku. Uwa tana nan, kaka tana nan, gwaggo da 'yar uwar uwa suna nan. Matar kawu ba ta nan. A rana ta huɗu na rubuta ta a hagu, da ƙananan baƙi, a can ƙasa.

Na dawo gida farkon damina. Na yi sallama na shiga da jakata, na tarar da mata biyar na maƙwabta a tsakar gida suna taya Inna ɓarar gyaɗar iri. Tana ganina ta miƙe, ɓawo na zuba daga zanenta, ta taho da hannu a gaba. Na ja da baya taku biyu har na bugi turmi. Na ce mata ta yi haƙuri, na yi karatu, ita ba muharramata ba ce, ajnabiyya ce a wurina. Da na ga sun yi shiru sai na ɗauka kalmar ce ba su gane ba, na fassara musu. Na ce wato bare.

Inna ta dubi hannunta, ta goge shi a zane kamar ta taɓa miya. Ta ce, "To, Malam, sannu da hanya." Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi, ta koma kan gyaɗarta.

A lokacin na ji daɗi. Na ɗauka an karɓi karatu.

Lallai kam an karɓa. Da yamma na tarar da abincina a zaure, a langa mai murfi, a kan faifai, da cokali, da kofin ruwa na tangaran da ba a fito da shi sai da baƙo. Har da tsoka biyu. Washegari ma haka. In zan shiga cikin gida sai na yi sallama na tsaya, in ji motsinta tana neman hijabi, wani lokacin ta daɗe tana nema, sannan ta ce Malam ya shigo. Ta daina aike na. Ta daina min faɗa. Na bar takalmi a bakin randa da gangan, wanda a da sai an ji mu a ƙofar gida, ta ɗauke shi da tsinke ta ajiye a zaure.

Ƙanzo kuwa akuya aka koma ba wa. Ina zaune a zaure ina jin kankarar tukunya, in ji an kira ta, in ji tana ci. Akuyar nan ta yi kyau a daminar nan, har mutane suna tambayar Kawu me yake ba ta.

Sai babur. Babur ɗin Kawu ni nake hawa, kuma ni nake kai Inna ko'ina, kasuwa, suna, gaisuwar mutuwa. Ranar kasuwa ta farko na fito da shi na goge, na riga na yi shiri, na ɗaura buhun da na cusa wa tsumma a tsakiyar kujera don ya shiga tsakaninmu. Inna ta fito da kwandonta, ta dubi buhun, ta wuce ni ta tafi bakin hanya ta tsayar da ɗan acaɓa. Wani ne ma daga wajen Bebeji, ba wanda ya san shi. Na bi ta na ce ai wannan ya fi ni zama bare. Ta ce bare da bare duk ɗaya ne, shi wannan ko ba komai ba ya wa'azi. Ta hau suka tafi.

Na yi ƙoƙarin yin bayani daga bayan ƙyaure, da littafi a hannu. Ta ce ita fa ba ta da ja, littafi ya fi ta gaskiya, abin da na ce shi take yi, ko akwai inda ta rage? Na duba, babu inda ta rage. Da musu ta yi da na ji sauƙi, don na tanadi amsa har kala huɗu. Na kai ƙara wurin Kawu, na nuna masa jerin. Ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa ya tambaye ni shi yana wane ɓangare. Na ce shi namiji ne, ba ya ciki. Ya ce alhamdu lillahi.

Wata biyu muna haka. Ban rame ba, ga nama. Amma ba wanda ya matsa dantsena ya duba.

Ana cikin haka Kawu ya aike ni Burumburum in mayar wa mijin Yaya injin feshin gona da ya ara masa. Ni da Yaya taubasai ne, ɗan mace da 'yar namiji, tun muna yara in ta gan ni sai ta fizge min hula sai na fanshe ta da alewa. Tana da tsohon ciki a lokacin, amma tana ganina ta kawo hannu. Na goce. Labari ya riga ya zo mata, sai ta ɗauko muciya ta tsokano hular da ita, ta ce muciya dai ba ta cikin littafina. Ta rataye hular a kan danga ta sa na zauna.

Ta zage ni son ranta, tana tankaɗe. Ta ce da ina da wayo da ita na aura tun farko, da yanzu Inna surukata ce, ta koma dama a jerina. Na ce haka ne kuwa, uwar mata muharrama ce. Ta ce to amma da sai in riƙa tsallake katanga in na hango Inna, don ba mai cin ƙanzo a gaban suruka. Ta ce ni ko ta ina na bi ba ni da rabo a tukunyar nan. Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki.

Can sai ta ce ita fa abin da ya ba ta mamaki, ai ta tuna ni a ƙirjin Inna. Tana 'yar shekara biyar, tana kishi, har ta taɓa mintsini na a ƙafa.

Na miƙe tsaye. Wannan babin na san shi kamar yunwar cikina. Matar da ta shayar da yaro kafin ya cika shekara biyu ta zama uwarsa, 'ya'yanta sun zama 'yan uwansa, kuma a littafin da nake da shi ba sai an ƙoshi ba, in dai nono ya kai ciki ya wadatar. Na ce wa Yaya in haka ne ita ma yayata ce ta gaske, ta riƙa fizgar hula har ta tsufa. Ta ce ita yarinya ce a lokacin, ba za ta rantse ba, in je Ba'awa in tambayi Gwaggo, ita ta ɗauko ni a hannu ta kawo ni Ƙofa.

Gwaggo ƙanwar kakana ce, tsohuwa tukuf, amma kanta garau. Washegari na kama hanyar Ba'awa, an yi ruwa, na sha taɓo har gwiwa. Ita kam tana dama a jerina, don haka na durƙusa na miƙa mata hannu biyu da murna, na ce mata ita muharramata ce. Ta ce Allah ya sa alheri, amma hannunta da daddawa, in ajiye nawa.

Ta ba ni labarin tana murza daddawar. Ta ce an kawo ni ina kuka kamar ana yanka ni, na ƙi kunu, na ƙi cokali. Inna ta ɗauke ni ta sa ni a ƙirji, na yi shiru. Ta ce kwana arba'in tana gidan, kullum haka take gani. Na ce to shi ke nan, ta shayar da ni. Gwaggo ta ce ita ba ta ce ba. Ta ce matar da ta yaye ɗa shekara uku da suka wuce, wata nono yakan dawo mata, wata ba ya dawowa. Ita ta ga yaro a ƙirji, ba ta shiga bakinsa ta duba ba. Wannan mutum ɗaya ce ta sani a duniya, kuma ina kwana gida ɗaya da ita, na zo ina ɓata man babur.

Kafin in tunkari Inna na biya wurin malamin da ya koya min allo. Na gaishe shi, na karanta masa duk abin da na tara. Ya ce hukuncin yadda na karanta haka yake, na nonon ma haka yake, bai da abin ƙarawa. Ya ce akwai malaman da suka sassauta a kan mace in ta manyanta, in ina so in bincika. Sannan ya tambaye ni a gaban wa na faɗa mata. Na ce mata biyar. Ya ce a wane littafin na ga wannan? Na ce, Allah ya gafarta Malam, ba a littafi ba ne. Ya ce shi ma haka ya zata.

Da safe na samu Inna a madafi tana tace gasara. Na yi sallama, ta ja mayafi, na durƙusa a bakin ƙofa. Na fara da zancen sassaucin nan na mace in ta manyanta, don na ga kamar ya fi sauƙi. Ta tambaye ni wa ya ce min ta tsufa. Na bar wannan.

Na ce mata na je Burumburum, na je Ba'awa, ga abin da aka gaya min. Na yi mata bayanin hukuncin, na ce kalma ɗaya ce kawai, in ta ce e, ta koma dama, komai ya koma yadda yake. Ta daɗe tana matsa gasarar.

Ta ce, "Kwana arba'in ina sa ka a nono. Na sha kunun kanwa har na ƙi jinin warinsa. Na sha jiƙon gero. Gwaggo ta sa aka kawo min wata saiwa daga Doguwa, ɗacinta har yau yana bakina. Ba abin da ya zo."

Na ce, "Ko ɗigo, Inna?"

Ta ce, "Ko ɗigo."

Abin da na yi bayan nan shi ne ya fi ba ni kunya, amma tunda na ce zan rubuta bari in rubuta. Na ce mata ta dai tuna sosai, an daɗe, mutum yakan manta, wataƙila wata rana da asuba ɗan kaɗan ya zo ba ta lura ba. Wato ni da na zo da littafi uku, ni ne nake buɗe mata ƙofa.

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko a wata biyu. Ta ce, "Malam, so kake in yi maka ƙarya a kan addini?"



Ta ce kullum sai ta matsa ta duba, don haka ta sani. Ta ce nonon saniya na sha, Kawu ne yake zuwa ruga da keke kowace safiya ya karɓo, ita kuma ta dafa ta ɗiga min da tsinken auduga. Ta ce in uwa ta littafi nake nema tana can ruga, in ba a yanka ta ba. Na so in ce nonon dabba ba ya sa haramci, don haka littafin ya ce. Allah ya taimake ni na haɗiye.

Na koma zaure na zauna. Na buɗe littafin rubutuna. Sunanta yana nan a hagu, kuma yanzu na tabbata a nan zai zauna, ita da bakinta ta tabbatar. Na ga ba abin da zan gyara a shafin. Abin gyara yana tsakar gida, inda aka yi ɓarnar.

Na jira ranar da matan nan suka sake haɗuwa, wannan karon ɓarar wake. Huɗu ne suka zo, na aika aka kira ta biyar ɗin, don ban so a ce an rage. Na durƙusa a daidai turmin da na buga. Na ce a nan na kira Inna bare a gabansu, na zo in janye a gabansu. Na ce hukuncin ban isa in canja shi ba, ita ma ta ƙi ta canja min shi, amma kalmar tawa ce, ba ta littafi ba. Na ce ban san wata uwa ba sai ita, ina roƙon ta yafe min. Na shirya jawabi mai tsawo, har da misalai, amma iya nan ya fito.

Ɗaya daga cikin matan ta ce ashe Kano ba ta cinye yaron duka ba. Inna ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da yamma na tarar da langa mai murfi a zaure, da cokali. Washegari ma. Akuya ta ci gaba da harkarta.

Kwana shida bayan nan aka bugo waya Yaya ta sauka, namiji. Inna za ta tafi zaman jego. Ina zaure ina ji tana haɗa kaya, na san ɗan acaɓa za a kira, har na fara tunanin ko in bi su a baya da ƙullin kayan. Sai ta leƙo ta ce a fito da babur. Ba ta ce Malam ba, ba ta ce Auta ba, a fito da babur kawai.

Na fito da shi. Na ɗauko buhuna na tsumma, ta ce in mayar, ba za ta shiga Burumburum da buhun taki a ciki ba. Ta zaro wani matashi daga hammata. Ɗan dogo ne, mai tauri, an cusa masa audugar rimi, an yi masa igiya biyu na ɗaurewa a kujera. Saƙi ne baƙi da fari, ya koɗe, gefensa duk ya sha ɗinki. Ashe kwana shidan nan shi take yi. Na tambaye ta ina ta samu wannan tsohon saƙin. Ta ce majanyina ne, da shi ta goya ni shekara biyu, yana ƙasan adaka tun lokacin.

Ta ce, "A da shi ya ɗaure ka a bayana, yanzu ya tsaya a tsakani. Zane ba ya gardama. Ɗaura mu tafi."

Na ɗaura, ta hau ta riƙe ƙarfen baya. Tun daga Ƙofa har muka wuce Tudun Wada faɗa take min. Gudu nake, ramin can ban gan shi ba ne, takalmin da na bari a bakin randa wata biyu da suka wuce ina ce ta manta, ga wuyan rigata da datti kamar ba a sayar da sabulu a garin. Ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba. Na faɗa rami biyu da gangan don kada ta rasa abin cewa.

Da muka isa na sauke kaya, na leƙa na yi wa Yaya barka daga bakin ƙofa, ta ce in shigo da hular kusa, muciyarta tana nan. Zan juyo gida Inna ta rako ni har wajen babur. Muka tsaya. Nan ne wurin hannu a ka, ni na sani, ita ta sani. Ta ce, "Auta, miƙo hular nan." Na cire na miƙa mata. Ta riƙe ta da hannu biyu ta yi addu'arta a ciki, ƙasa-ƙasa yadda ta saba, ta tofa, ta miƙo min na mayar a kaina. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ko ba ta taɓa ba ta ga na rame. Sannan ta kwance bakin ƙullinta ta ba ni wata baƙar leda, ta ce kwana arba'in za ta yi, in riƙa jiƙawa kaɗan-kaɗan, kada in ba Kawu, kuma in yi hankali da akuyar nan don ta riga ta saba.

Haka muke har yau. Matashin yana kan babur, hula tana zuwa tana dawowa. Littafin rubutun yana nan, ban goge komai ba, ina kuma ci gaba da karatu, yanzu ina babin gado, amma wannan ban gaya wa kowa a gida ba tukuna. Da Turancina zai kai, da na rubuta wa saurayin can na ce ya gwada hula, na ga su ma suna sawa. Sai dai tasu ƙarama ce, ban san ko za ta ɗauke addu'a irin ta Inna ba.

Na san ba ni kaɗai ba ne a ƙasar nan. Wani matar baffa ce ta raine shi, wata mijin gwaggo ne ya yi mata komai har ya aurar da ita. Ku da kuka yi karatun kuka koma gida, yaya kuka faɗa, a gaban mutum nawa? Me kuka sa a tsakani? Wanda kuma aka daina ba shi ƙanzo har yanzu ba a dawo masa da shi ba, shi na fi so in ji, ya gaya min wata nawa ke nan.